Saura Kaɗan, Baba

Idan ka sauka tashar Talata Mafara ka ce a kai ka wurin Habibullahi Gajere, 'yan kabu-kabu za su tsaya kallon juna. Amma ka ce Habibu Saura-Kaɗan, kafin ka rufe baki wani ya tada mashin. Shagonsa na nan bayan masu sayar da taya, ɗan ƙarami, cike da batura da allunan sola da wayoyi, ga wata tsohuwar kwamfuta a kan benci wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Mutum ne dogo siriri, ya doshi arba'in, mai yawan shiru. Da can idan an kira shi da wannan suna sai ya haɗe rai. Yanzu amsawa yake yi, kuma wallahi amsawar ta fi fushin ban tausayi.

Gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni. Mahaifinsa Gajere, sunan ya bi shi, don da ƙyar kansa ke wuce tozon saniya, amma idan ya riƙe igiya babu bijimin da ke yi masa gardama. Shi ke zuwa kasuwannin Bakura da Maradun ya zaɓo dabba, ya latsa kwiɓinta ya faɗi irin naman da ke ciki, kuma ba kasafai yake kuskure ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Ɗan Asabe, babban, tun yana ƙarami ya gaji wuƙa. Habibu kuwa boko aka sa shi, don Gajere ya ce gida ɗaya ba ya buƙatar mahauta uku.

A makaranta ne Habibu ya fara jin wai akwai abin kunya a sana'ar da ke ciyar da shi. Yaran da ke rububin tsiren gidansu da yamma, su ne da safe ke toshe hanci idan ya zauna kusa da su, suna cewa yana warin kitse. Mutanenmu ke nan, su cinye naman su suɗe yatsa, sannan su raina wanda ya yanka. Yaron bai taɓa kai ƙara gida ba. Sai dai ya koyi goge hannuwa da lemun tsami kafin ya fita, ya kuma ƙudura a ransa cewa ba za a sake samun abin da za a yi masa dariya a kai ba.

Da ya shiga kwalejin fasaha sai Allah ya haɗa jininsa da rubuta manhajar kwamfuta, musamman da wani harshe da ake kira C++, wanda ake sarrafa ƙananan injuna da shi. A ajin nan ya haɗu da Sa'adiya, 'yar Birnin Tudu, wadda ta fi shi saurin gane abu amma ba ta fi shi naci ba. Suna gamawa aka ɗaura musu aure. Ita ta sami koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata a Bakura, shi kuma ya ɗauki takardunsa ya nufi Kaduna, inda wani kamfani ke neman masu irin karatunsa.

To, nan sai na ɗan fayyace wani abu na sana'arsu, don shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. A wancan harshe, kowane abu da ke cikin manhaja yana da 'yan kayansa. Abin da ke lura da sanyi, alal misali, yana da lambar da ke riƙe yawan sanyin, da lambar da ke riƙe ƙarfin batir. Akwai sashen da ke gina abin ya ba shi waɗannan kaya, masu sana'ar na ce masa kwanstirakta, mu dai mu ce magini. Hanya biyu ce. Ko dai ka jera ƙimar kowane kaya a bakin ƙofar maginin, abin ya zo duniya da kayansa a cike, ko kuma ka bari a gina shi wayam, sannan a ciki ka bi ɗaya bayan ɗaya kana zuba musu ƙima. Kamar mace ce ta kawo kwano da tuwo a ciki, ko ta fara ajiye kwanon sannan ta komo da mara ta kwashe. Littattafai sun fi yabon hanyar farko, kuma da gaskiyarsu, don idan kayan masu nauyi ne, irin dogon rubutu, hanya ta biyu aiki biyu ce. Amma akwai wata manhaja da ke juya rubutun mutum zuwa yaren da inji ke ji, sunanta kwamfaila, kuma tana da wayo. Idan kayan lambobi ne zalla, takan lura ta zubar da aikin banzan da kanta, abin da zai isa ga inji ya fito iri ɗaya.

A Kaduna mutum uku suka zauna masa. Babbansu, wani mai gilashi da fara'ar da ba ta kai ciki ba, ya fara da hira, ya tambaye shi garinsu da sana'ar mahaifinsa. Habibu ya faɗi gaskiya. Aka ba shi ɗan aiki ya rubuta nan take, ya rubuta, ya kuma yi daidai. Mai gilashi ya jawo kwamfutar gabansa ya duba, ya ga Habibu ya bi hanya ta biyu a magininsa. Sai ya juya wa abokansa fuskar kwamfutar ya ce, "Kun gani ko? Gado ba ƙarya ba. Aikin fawa ke nan, a kayar tukuna, gyara ya biyo baya." Suka yi dariya, ba ma wata doguwa ba. Ba a ɗauke shi ba. Ta yiwu da ma akwai wanda aka riga aka tanada wa kujerar, Allah ne masani. Amma Habibu bai taɓa sa wannan a lissafi ba. Ya hau mota ya komo Mafara da dariyar nan a kunnensa, ya buɗe shago, kuma ko Sa'adiya sai da aka yi shekaru kafin ya ba ta labarin.

Shago ya yi albarka daidai gwargwado. Yana gyara na'urorin sola, yana haɗa wa manoman rani na wajen Ruwan Gizo abin da ke kunna musu injin ban-ruwa ya kashe da kansa. Suka haifi 'ya mace, Mardiya. Ran Juma'a bayan masallaci yakan je gida ya gaida Gajere a zaure, su yi doguwar gaisuwa, a tambayi iyali da kasuwa da gajiya, daga nan hira ta ƙare. Tsohon bai san abin da zai tambaya game da aikin ɗansa ba, ɗan kuma bai san ta inda zai fara bayani ba.

Ana nan sai maganar ɗakin sanyi ta taso. Duk mahauci ya san baƙin cikin bazara, ka yanka da safe, la'asar ta yi maka da rabin sa a kan tebur, dole ka karyar da shi ga masu balangu ko ka kwana kana jin yana juyawa. Wata ƙungiyar agaji ta taɓa gina wa mahautan ɗakin sanyi mai aiki da sola a bayan kasuwa. Akwatin da ke sarrafa shi kuwa ba shi da hankali, yakan bar injin ya yi ta gudu har batura su mutu, gari ya waye nama ya ɗumama. Daga baya ma akwatin ya ƙone. Ɗakin ya koma ma'ajiyar igiyoyi da fatu. A wani zama gaban Sarkin Fawa, wasu suka kawo shawarar a cire allunan a sayar, a huta.

Gajere ba mai magana ba ne a taro. Ran nan ya miƙe, duk da miƙewar tasa ba ta ƙara masa wani tsawo ba, ya ce, "Kada a taɓa komi. Ɗiyana Habibu shina yin wanga aiki. In bai yi ba, ni za ku tuhuma." Kowa ya yi mamaki, don ba a taɓa jin ya ambaci yaron a bainar jama'a ba. Sarkin Fawa ya ce tun da Gajere ne ya faɗa, an bar allunan.

A lokacin idon tsohon ya riga ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya komowa, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi. Gefe da gefe ya fara rufewa, har ya zama yana gani kamar mai leƙe ta bututu. Tuni ya ajiye wuƙa, don mahaucin da ba ya ganin gefensa ƙafar bijimi ce za ta gaya masa. A Juma'ar da ta biyo baya ya riƙe Habibu bayan gaisuwa.

Ya ce, "Habibu, tun da ka hwara wanga karatu naka ban taɓa gane mi kake yi ba. Ɗan Asabe in ya yanka ina gani, in ya ɓata ina gani. Kai ko kullum danne-danne. Ina son in ga aikinka da idona, tun shina da sauran amfani."

Habibu ya matso kusa da shi. Ya ce, "In Allah ya yarda za ka gani, Baba."

"To ƙaƙa zan gane shina aiki?"

"Zan sa fitila a jikin akwatin. In komi na tafiya daidai, sai ta kama kore."

"Kore," in ji Gajere, yana gyaɗa kai. "To in ga koren."

Ban taɓa jin Habibu ya yi aiki da sauri irin na wannan karon ba. Cikin sanyin shekarar ya haɗa akwati, ya rubuta manhajar da za ta riƙa duba ƙarfin rana da na batir, ta sanyaya ɗaki sosai da tsakar rana, ta lallaɓa injin idan rana ta faɗi. Ya kai shi Maradun wurin abokinsa Abdulmumini, mai kafa sola, suka jona shi da babban firijin da matar Abdulmumini ke sayar da zoɓo da ƙanƙara a ciki. Akwati ya yi aiki lafiya lau. Fitila ta kama kore ta zauna, batura suka riƙa kai safe da sauran ƙarfinsu. Saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, aka sa ranar kafawa.

Sai labari ya zo cewa ƙungiyar da ta gina ɗakin za ta aiko injiniyanta ya duba abin da za a jona wa kayansu. Jin haka Habibu ya buɗe rubutunsa don ya ɗan tsaftace shi. Yana dubawa ya ga abin da ya yi. Cikin ɗoki da sauri hannunsa ya koma tsohuwar ɗabi'a, duk maginan da ke cikin manhajar, kuma suna da yawa, hanya ta biyu ya bi. Nan take a zuciyarsa ya ga wani mai gilashi ya zo har bayan kasuwar Mafara, gaban Sarkin Fawa, gaban Gajere, yana juya wa mutane fuskar kwamfuta. Ya aika wa Ɗan Asabe cewa a ɗaga ranar, akwai ɗan gyara.

Sa'adiya ta leƙa ta bayan kafaɗarsa wata safiyar Asabar, ta karanta abin da yake yi. Ta ce, "Baban Mardiya, waɗanga ai lambobi na zalla. Sanyi, batir, lokaci. Kwamfaila za ta maida su abu guda. Ka hidda tsohon da sabon ka gwama, in da bambanci ka ce ban san komi ba."

Ya ce, "Ba haka ake rubutu mai kyau ba."

"Na sani. Ka kafa wanda ke aiki, mai kyawun ya iske shi."

Bai gwama ba. Gwamawar ba ta fi ɗan lokacin shan shayi ba, amma a ƙasan ransa ya san ba don inji yake gyaran ba, saboda haka amsar inji ba za ta yi masa maganin komai ba.

Da a ce gyaran ya tsaya inda ya faro, da da sauƙi. Amma harshen nan yana da wata ƙa'ida, idan ka jera kaya a bakin ƙofa, ba jerinka ake bi ba, ana bin yadda ka fara ambata su tun a sama. Sai ya zama lambar da ke cewa a kashe inji ta dogara da wata lambar da ba a kai ga ba ta ƙima ba tukuna. Akwatin da ke aiki lafiya ya fara kashe firiji da rana tsaka ba dalili. Matar Abdulmumini ta yi asarar zoɓonta ana tsakiyar azumi, ta kuma aiko da saƙon da ba zan maimaita ba. Habibu ya daɗe yana lalube kafin ya gano inda ya jawo wa kansa. Da ya gyara, sai tsoro ya shige shi, wa ya san ko akwai irinsa a wani wurin? Ya koma farko yana bi layi-layi. Kowane canji sai an gwada, gwaji kuma sai a Maradun, hanyar Maradun kuwa ba kullum take biyuwa ba saboda 'yan bindiga, wani makon sai a ce kowa ya zauna gida. Ga shago, ga masu injin ban-ruwa na jira.

Kowace Juma'a Gajere kan ƙare gaisuwa da tambaya ɗaya, "Ina labarin koren?" Habibu kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Tsohon ya ce, "To, Allah shi taimaka." Bai taɓa ƙara komai a kai ba. Sau ɗaya Sa'adiya ta ba da shawarar a kawo akwatin zaure a kunna masa fitilar ya gani. Gajere ya ƙi. Ya ce fitila a zaure ko tocilan na yi, shi a jikin ɗakin yake son ganinta, da nama a ciki, gaban mutanen da ya yi wa alkawari.

Bazara ta wuce da zafinta, nama ya lalace kamar yadda ya saba. Babbar Sallah ta zo, lokacin da ɗakin zai fi amfani, ta wuce yana cike da igiyoyi. A mahauta aka fara raha. Idan aka tambayi wani ko ya gama fiɗa sai ya ce saura kaɗan, a fashe da dariya. Daga nan sunan ya fito. Ɗan Asabe ya zo shago ransa a ɓace, ya tsaya a bakin ƙofa ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Habibu, tsoho bai iya zama cikin mutane yanzu. Abin ga na aiki ko bai aiki?"

"Yana aiki, Yaya. Ina son in kammala shi yadda ya kamata."

Ɗan Asabe ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya kalle shi, ya fasa. Ya ce, "Kai ka sani," ya tafi.

Da damina ta kankama sai Habibu ya ce dole a gwada sabon rubutun a ƙarƙashin hadari, a ga yadda zai yi idan rana ta ɓuya. Ranar ce Sa'adiya ta gaza haƙuri. Ta ce masa ta kai wa Baba abinci ta ga yana laluben cokali, idonsa ba ya jiran kowa. Shi kuwa ya ɗauka matsa masa take yi, ga kunya ta riga ta cika masa ciki, sai ya faɗi maganar da har yau idan ya tuna takan hana shi cin abinci. Ya ce, "Ke koyar da yara kunna kwamfuta kike yi, ki bar mini aikina." Ta dube shi, ta ɗauki Mardiya ta shige ɗaki. Ba ta sake sa baki a maganar akwati ba.

Shi ma daga nan ya fara tsallake Juma'a. Ba don ba ya son ganin mahaifinsa ba, wallahi yana so, amma kalmomin nan uku sun yi masa nauyi a baki. Sai ya aika da gaisuwa da goro, ya ce aiki ya riƙe shi. In ma ya je, a gurguje ne. Tsohon na zaune inda ya saba, ya amsa sallama, ya kira sunansa tun kafin ya zauna, saboda haka Habibu bai ga wani canji ba.

Sai da kaka ta yi, an fara yankan gero, sannan ya gama. Rubutu ya fito tsaf, kowane magini da jerinsa a bakin ƙofa, ko mai gilashi ya zo ba shi da abin cewa. Da safiyar ranar kafawa, yana jiran motar da za ta ɗauki kaya, sai ya ji yana son ya san yawan abin da ya ƙaru, ko sauri, ko ragowar wuri a ƙwaƙwalwar injin, don ya sami abin gaya wa Sa'adiya. Ya nemo tsohon rubutun nan na kafin azumi, ya ba kwamfaila, ya ba ta sabon, sannan ya sa manhajar da ke gwama abu biyu ta nuna inda suka saɓa. Ita wannan manhaja idan ta sami bambanci takan lissafo shi, idan ba ta samu ba sai ta yi shiru. Ta yi shiru. Ya ɗauka bai danna daidai ba, ya sake. Ta sake yin shiru. Abin da zai shiga cikin injin yau, shi ne abin da zai shiga tun kafin azumi, ko ɗigo bai canza ba.

Ya daɗe zaune hannuwansa a kan cinya. Mai mota ya yi ta hon a waje. Sa'adiya ce ta leƙo ta ce ana jiransa, ta ga fuskarsa, ta ga fuskar kwamfutar, ta gane. Ba ta ce na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauko masa hularsa kawai ta miƙa masa.

Kafawar ba ta ɗauki lokaci ba. An share ɗakin, an fitar da igiyoyi, Ɗan Asabe ya rataye cinyoyin bijimi guda biyu a ciki. Injiniyan ƙungiyar ya zo, wani saurayi mai kirki, ya buɗe ƙofa ya ji sanyi ya bugi fuskarsa, ya ɗauki hoto, ya yi wa Habibu barka ya hau motarsa. Bai ko tambayi rubutun ba. Mahauta suka taru, Sarkin Fawa na tsakiya, inji na ƙugi a hankali, fitila ta kama kore shar.

Sai ga Ɗan Asabe ya taho da Gajere. Habibu ya hango su daga nesa, ya ga yayansa na riƙe da hannun tsohon, ya ga yadda tsohon ke ɗaga ƙafa sama da yadda ƙasa ke buƙata. Da suka iso, Gajere ya saki hannu ya tsaya da kansa, ya juya fuskarsa wajen da ƙugin injin ke fitowa, ya kafa ido a kan bango. Akwatin yana ɗaya gefen ƙofar.

Habibu ya matsa kusa da yayansa, ya ce, "Yaya, tun yaushe?"

"Tun tsakiyar damina."

"Don mi ba ku gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce ba a yi ma mai riƙe da wuƙa gaggawa, sai shi yanke kainai. Ya ce a bar ka ka gama aikinka cikin natsuwa."

Gajere ya ji muryarsa, ya ce, "Habibu, ta kama?"

"Ta kama, Baba."

"Kore?"

"Kore."

Tsohon ya miƙa hannu, Habibu ya kama ya kai shi bakin ƙofa, ya shigar da shi ciki. Gajere ya shafa bango, ya lalubo cinya ɗaya a rataye ya latsa ta da babban yatsa yadda ya saba, ya ji ta yi sanyi ƙalau har ciki. Ya juyo wajen da yake jin numfashin jama'a ya ce, "To, kun dai ji." Sarkin Fawa ya ce sun ji, Allah ya yi wa yaro albarka, aka shafa fatiha. Mutane suka shiga rububin leƙa ɗaki.

Gajere bai saki hannun ɗansa ba. Da suka fito ya jawo shi gefe, ya sassauta murya yadda ba mai ji sai su biyu. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, so yake ya sami abin da zai riƙa faɗi idan an zauna.

Ya ce, "Abdulmumini ya ce man tun kahin azumi abin ga ya yi sanyi a Maradun. Duk watannin ga, mi ka ƙara mai? Gaya man yadda zan gane."

Habibu na da amsoshi da yawa da tsohon ba zai taɓa iya ƙaryatawa ba. Yana iya cewa ƙarfi, yana iya cewa ƙarko, yana iya kawo sunayen da ba a taɓa ji ba a bayan kasuwar Mafara. Ya dubi idanun nan biyu a buɗe suna kallon kafaɗarsa.

Ya ce, "Ban ƙara komi ba, Baba. Yadda yake a lokacin, haka yake yau."

Yatsun Gajere masu sanyin nama suna kan wuyan hannun Habibu, ba su matse ba, ba su saki ba. Can ya gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "Kahin azumi kam ina ganin kore."

Ya ɗan juya fuska yana neman inda iska ke fitowa, sannan ya ce rana ta yi zafi, a kai shi inuwa. Habibu ya riƙe shi suka taka a hankali zuwa gindin bishiyar bedi, suka wuce ta gaban akwatin, fitilar na ci daidai tsawon kan tsohon.